Kumburin da Baba Ya Hana Baffa Tsagawa

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Baba ya rasu ranar Talata da hantsi, tsakiyar damina, bayan kwana shida yana fama da zazzaɓi da tari. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa a maƙabartar ƙauyenmu, nan gefen Gubuchi.

An zo, ba laifi. Abokan aikina malamai sun zo daga Makarfi mota guda. Dangin Inna sun zo daga Taba. Fulani sun gangaro daga rugage, suka jingine sandunansu a bangon zaure, wani dattijo cikinsu ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana cewa duk 'ya'yansa maza Baba ne ya yi musu kaciya, babu wanda ya kwana yana zubar jini. A cikin gida Goggo, ƙanwar Baba, ta yi kuka har muryarta ta dishe. Kowa ya zauna sai ka ji, "Ya haƙuri? Allah Ya jiƙansa, Allah Ya sa ya huta."

Amma ni kunnena ba a kan addu'ar kaɗai yake ba. Akwai wata magana da take yawo ƙasa-ƙasa daga tabarma zuwa tabarma, in na juyo sai a yi shiru. "Aikin nan ne fa." "An ce huda shi kawai aka yi, ba a ɗinke ba." "Shekara uku jini yana tsiyaya a ciki." Har wani mutum da ban taɓa ganin fuskarsa ba na ji yana bayani da hannu, kai ka ce shi ya riƙe wa likitan fitila.

Ni ne ɗansa na fari. Ni na kai shi asibiti shekara uku da suka wuce, ni na sa hannu a takarda. Saboda haka duk wanda ya ce aikin ne ya kashe Baba, da ni yake, ko bai kalle ni ba. Kuma na san gidan da maganar ta fito. Gidan Baffa ne, ƙanen Baba uwa ɗaya uba ɗaya, wanda katanga ce kawai ta raba mu da shi.

Ina rubuta wannan ne don kada abin da za a tuna da Baba ya zama wannan raɗe-raɗin.

Baba wanzami ne, ɗan wanzami, kuma shi ne Sarkin Askan yankinmu. Amma wanda duk ya zauna da shi, abin da zai fara gaya maka ba askarsa ba ce, rashin yardarsa ce. Wallahi ban taɓa ganin mutum mai zargi irinsa ba. In ya sayi taki sai ya zura hannu har gindin buhu. In Inna ta ce miya ta yi, sai ya ɗanɗana. In ƙanena da ke aiki a Abuja ya bugo waya, Baba ba ya amsa gaisuwa sai ya tambaye shi, "Wace bishiya ce a bayan rumbunmu?" In ya ce tsamiya, to sannan a gaisa. Maganarsa guda ce a kan komai, mutum ne ko dabba ko labari: "Bari in taɓa tukuna." Muna yara mun sha kwaikwayonsa a bayan ido, har Inna ta bi mu da muciya.

Ni bai taɓa kiran sunana ba, kunyar ɗan fari. "Kai malamin makaranta," haka yake ce mini, da wata 'yar murya da ke nuna bai gama yarda da makarantar ba.

Wannan halin nasa ya ɓata masa da mutane da yawa, ya kuma ceci wasu. Wata shekara wani Bafulatani da matarsa suka kawo jaririya a cire mata beli. Baba ya karɓe ta, ya buɗe tafin hannunta, ya ja fatar idonta ƙasa, ya daɗe yana kallo. Sai ya mayar da kayan aikinsa cikin zabira. Ya ce yarinyar nan ba ta da jinin da za a zubar ko ɗigo. Uban ya fusata, ya ce ai ba shi kaɗai ne wanzami a ƙasar nan ba. Baba ya ce, "Gaskiya ne, amma ni kaɗai ne na taɓa ta." Ya tsare su da magana har suka yarda, ya raka su asibitin Makarfi da kansa, ya yini a can bai yi aski ko ɗaya ba. Ranar rasuwarsa wata mata ta shigo da ƙwaryar nono a ka, da goyo a bayanta, ta durƙusa gaban Inna tana kuka. Ita ce jaririyar.

Mutum ɗaya tak Baba ya yarda ya ɗora masa aska a ka, shi ne Baffa. Duk Juma'a da safe, a gindin darbejiyar ƙofar gida, Baffa ya aske Baba, Baba ya aske Baffa. Tun kafin a haife ni suke haka. Suna yi suna faɗa. "Askarka ta dakushe." "Yaya, kanka ne ya tsufa." Ba su taɓa fashi ba sai shekarar da Baba ya je Makka.

Ciwon ma shi ya gano abinsa. Wata rana ya kira ni ɗakinsa, ya kwanta rigingine, ya kama hannuna ya ɗora a saman cibiyarsa. Na ji wani abu yana bugawa dum, dum, a wurin da bai kamata a ce akwai bugu ba. Ya ce, "Wata uku ke nan ina sauraronsa. Ƙaruwa yake." A Zariya aka yi masa hoto, aka ce babbar jijiyar da ke sauko da jini daga zuciya ce ta kumbura a ciki, kamar tsohon tiyub ɗin keke, kuma ranar da ta fashe babu sauran magana. Ƙanena ya tsaya, aka samu wani babban asibiti a Abuja inda suke gyaran ba tare da an farke ciki ba.

Nan fa aka yi ta. Likitan, wani mai haƙuri da ke jin Hausa sosai, ya zauna ya yi wa Baba bayani. Za a huda jijiyar gindin cinya, dama da hagu, a zura wani bututu na ƙyalle da waya ta nan, a tura shi sama har wurin kumburin, ya buɗe ya zama sabuwar hanya ga jini.

Baba bai damu da bututun ba. Ya ce, "Hudar nake tambaya. Jijiyar gindin cinya na san ta, mu ko kusa da ita ba ma zuwa da aska. In ka huda ta, da me za ka rufe?"

Likitan ya ce, "Baba, akwai wata 'yar na'ura siririya. Tun kafin mu zura komai, ita muke fara sawa ta hudar, ta soka zare a bakin jijiyar. Zaren ya zauna yana jira. In mun gama mun zare kayanmu, sai mu ja shi, mu tura ƙulli can ciki, bakin ya tsuke kamar bakin zabirarka."

"Kana ganin ƙullin da idonka?"

"A'a."

"To da me ka san ya ƙullu?"

"In jini ya tsaya. Sannan in dafa ƙafarka in ji tana bugawa."

Baba ya kalle shi sama da ƙasa. Ya ce, "Ashe kai ma taɓawa kake yi." Daga nan ya ɗan sauko, amma ya kafa sharaɗi: ba za a yi masa aiki yana barci ba. Likitan ya duba ya ce zai yiwu, za a kashe wurin kawai. Haka aka yi. Ma'aikatan da suka turo shi waje suna ta dariya, wai tun daga farko har ƙarshe tambaya yake yi, da aka zo ƙulla zaren kuma ya ce lalle sai an ba shi guntun da aka yanke ya gani. Suka ba shi. Wani ɗan shuɗin zare ne, bai kai tsawon yatsa ba. Ya naɗe shi a takarda, da muka dawo ya jefa a zabira.

Da muka iso gida Baffa ya shigo duba shi. Ya nemi ganin wurin aiki, Baba ya nuna masa: filasta biyu, ƙarƙashin kowace ɗan tabo kamar an yi tsaga ɗaya. Baffa ya ce, "Shi ke nan? Ina ɗinkin?" Na ce yana ciki. Ya dube ni ya ce, "Kai ka gani?" Na ce ban gani ba. Ya ce, "To."

Kwana goma bayan nan, gindin cinyar dama ya kumbura. Ya fara kamar goro, kafin kwana biyu ya kai ƙwan zabuwa, fatar wurin ta yi duhu. Ranar Asabar ce, ina gida. Baffa ya duba ya ce ai wannan a fili yake, mataccen jini ne ya taru, irin wanda yake cire wa mutane kullum. A yi tsaga biyu uku, a kafa ƙaho, a zuƙe shi, gobe mutum ya miƙe. Kuma ina gaya muku gaskiya, duk wanda ya tashi a gidan wanzamai abin da zai ce ke nan. Ni kaina, da karatun nawa, ban hana ba. Ni na kawo ruwan ɗumi.

Baba ya kwanta a ɗakinsa. Baffa ya wanke wurin, ya jera ƙahonni a bakin tabarma, ya wasa aska. Ya sunkuyo ke nan sai Baba ya ce, "Dakata. Bari in taɓa tukuna."

Ya ɗora yatsu biyu a kan kumburin ya rufe ido. Ya daɗe. Sannan ya kama hannun Baffa ya ɗora a wurin. "Me ka ji?"

"Jini mana, Yaya."

"Ka sake ji."

"Na ce jini ne."

"Bugawa yake. Jinin da ya mutu ba ya bugawa. Wannan da jijiya yake haɗe. In ka tsaga nan, kafin ka goge askarka na tafi."

Baffa ya ce zafin ciwo ne ya sa yake jin haka, ya sake ɗaga aska. Baba, da ke kwance ba ƙarfi, ya cafke wuyan hannunsa ya murɗe har askar ta faɗi ƙasa. Da abin ya tsaya a ɗaki da sauƙi. Amma Baffa ya fita a fusace, Baba ya ɗingiso ya biyo shi har zaure, inda maƙwabta huɗu ke zaune sun zo dubiya. Baffa ya ce, "Shekara hamsin ina riƙe da aska, yau za a ce ban san jini ba?" Baba ya ce, a gaban mutane, "Ka san jinin da ya kwanta. Wanda yake tafiya ba ka san shi ba." Kai! Ko ni sai da na ji maganar a jikina.

A ranar muka kama hanyar Abuja. Aka ɗora na'urar hoto a wurin, likitan ya nuna mini a allo: ƙullin dama bai tsuke bakin jijiyar duka ba, jini yana fita ta ɗan wurin da ya rage, ya yi wa kansa aljihu a ƙarƙashin fata yana juyawa. Suka yi masa wata allura a cikin aljihun, jinin ya daskare, hudar ta toshe. Da na gaya wa likitan abin da ya kusa faruwa, sai ya dafe kai. Shi kuwa Baba ko godiya bai fara da ita ba. Ya ce, "Na tambaye ka ko kana ganin ƙullin." Likitan ya ce, "Ka tambaya, Baba." Ya ce, "To madalla. Yanzu dafa ƙafar ka ji."

Ya warke sarai. Ya koma gonarsa, ya koma askinsa. Duk shekara muna zuwa hoto, duk shekara sai ya sa an juyo masa allon ya gani da kansa, ko da yake ba abin da yake ganewa. Amma Juma'ar gindin darbejiya ta mutu. Suna gaisawa da Baffa a masallaci, "Yaya, an tashi lafiya?" "Lafiya lau," shi ke nan. Baffa ya riƙa faɗa a majalisa cewa an kai yayansa an huda an bar shi a buɗe, an kuma juya masa kai har ya raina sana'ar ubansa. Baba kuwa ya ƙi ba kowa kansa. Da madubin Inna yake aske kansa, ya fito duk ƙeya a yayyanke. Na ce masa, "Baba, don Allah ka aika a kira Baffa." Ya ce, "Shi ya san hanya." Na je wurin Baffa, ya ce, "Wanda bai san jini ba, ina zai iya aski?" Shekara uku! Tsofaffi biyu, katanga ɗaya, kowanne ya fi ɗan'uwansa taurin kai. Na ji haushinsu, su biyun, har yanzu ma ina ji.

Zazzaɓin da ya tafi da shi, likitan Makarfi ya ce ciwon huhu ne, babu ruwansa da wancan aiki. Na ji, na kuma maimaita wa kowa. Amma ni ɗan Baba ne, zargi a jinina yake. Da na ji ana raɗa a kan tabarmi, sai wani abu ya riƙa ce mini: to in gaskiya ne fa? Kai ka ga ƙullin?

Shi ya sa da aka zo wanka, Baffa ya miƙe ya naɗe hannun riga ya ce shi zai wanke ɗan'uwansa, sai na zarge shi. Na ce a raina, mutumin nan ba wanka ya kawo shi ba, shaida ya zo nema. Ba ni da ikon hana shi. Abin da na iya shi ne na ce ni zan zuba ruwa, don idona ya kasance a kansa.

Aka lulluɓe Baba daga cibiya zuwa gwiwa kamar yadda ake yi. Baffa ya naɗe hannunsa da ƙyalle, ina zubawa yana wankewa. Da hannun ya shiga ƙarƙashin mayafi ya kai gindin cinyar dama, sai ya tsaya. Ina kallon mayafin, ina ganin yatsu biyu suna dannawa a hankali. Ya koma hagu, ya sake dawowa dama. Na jira ya ɗago ya dube ni. Bai ɗago ba. Ya ce, "Zuba," na zuba.

Laraba bai ce komai ba. Alhamis bai ce komai ba. Yana zaune a gefen liman yana amsa gaisuwa, ni kuma ina ƙirga duk wanda ya matsa kusa da shi, ina cewa yanzu zai faɗa. Ko abinci ban iya ci ba.

Ranar Juma'a da safe aka yi addu'ar uku. An shafa ke nan, zaure cike, sai wani maƙwabcinmu, ɗaya daga cikin huɗun nan da suka ga faɗan, ya yi gyaran murya ya ce, "Allah Ya jiƙan Sarkin Aska. Amma dai aikin asibitin nan, in da an bar shi..."

Baffa ya katse shi. "Wa ya wanke shi, ni ko kai?"

Mutumin ya ce, "Kai ne."

"To na taɓa. Wurin a shafe yake, dama da hagu, babu kumburi, babu taruwar komai. Ɗinkin ya kama. Kwanansa ne ya ƙare. Maganar da kuke yawo da ita daga bakina ta fito, na kuwa janye ta. Kada in ƙara jin ta a ƙofar gidan nan."

Ni dai na sunkuyar da kai, don kada a ga ƙwalla a idona.

Da mutane suka watse, Inna ta aiko da zabirar Baba a ba Baffa, don shi ne babba yanzu. Ya ɗauke ta ya fita gindin darbejiya, ya yafuto ni. Ya zazzage kayan a kan tabarma, askake da ƙahonni da dutsen washi, sai ga 'yar takarda a naɗe. Ya warware, ya ga shuɗin zaren. Na gaya masa ko mene ne. Ya kama bakinsa biyu da farce ya ja, ya sake ja da ƙarfi. Bai tsinke ba.

Bai dube ni ba ya ce, "Ranar nan, da ya ɗora hannuna a wurin, na ji yana bugawa."

Na ce, "Baffa?"

"Na ji. Tun taɓawar farko na ji. Amma na riga na wasa aska, na riga na ce mataccen jini ne, kai kuma kana tsaye kana kallo. Da bai murɗe hannuna ba, da na tsaga." Ya mayar da zaren cikin takarda. "Shekara uku ina son in zagayo in gaya masa. Kullum in ce sai Juma'a mai zuwa."

Raina ya ɓaci, tausayinsa kuma ya kama ni, duk a lokaci guda. Ga mutumin da ya kusa kashe ubana, ya kuma bar gari yana nuna ni da baki, ga shi zaune da jajayen idanu yana wasa askar Baba a tafin hannu.

Ya ce, "Kai malamin makaranta, gashin nan naka ya yi yawa. Zauna."

Tunda na fara aiki a Makarfi ban sake ba wanzami kaina ba, shagon masu inji nake zuwa. Na dubi askar, na dubi hannun da ke riƙe da ita. Wallahi sai da na yi tunani. Sannan na cire hula na zauna a inda Baba yake zama.

Ya jiƙa mini kai da ruwa, ya shafa sabulu. Na ɗauka zai fara, sai na ji yatsu biyu suna bin ƙeyata a hankali, suna lalube. Na ɗan motsa.

Ya ce, "Tsaya mana. Bari in taɓa tukuna."

Sannan ya ce, "Allah Ya jiƙan Yaya, Ya yafe mana." Na ce amin, na sunkuyar masa da kaina.